Tun Da Na Faɗi A Gangaren Dutse Na Kasa Sakin Jiki A Kan Keke

Wasiƙar wannan makon daga wani matashi ce mazaunin Jos. Ga abin da ya rubuto:

"Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 24. Tun ina firamare nake tuƙa keke, har sakin hannu nake yi. Wata uku da suka wuce na sayi keken hawan dutse na gwanjo, mai giya, na shiga cikin wasu abokai da ke fita bayan gari duk Asabar ta wajen duwatsun Shere. A hanya mai kyau ba wanda ya fi ni, amma da mun shiga duwatsu sai in rikice. Sati uku ke nan, a wani gangare mai tsakuwa, na ga dutse a gabana, na damƙe birki, sai tsintar kaina na yi a ƙasa keken a kaina. Har yanzu wuyan hannuna na dama yana ciwo. Na sake fita sau biyu, amma da na ga gangare sai jikina ya sandare, in sauka in tura, su tsaya suna jirana, kunya ta ishe ni. Hajiyarmu ta ce in sayar da keken. Wani abokina kuma ya ce laifin keken ne, in ci bashi in sayi mai sifirin gaba da baya, irin mai shanye tsallen hanya. Ni kuwa ina son abin nan har raina. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu, Allah ya ba ka lafiya, ya kiyaye na gaba.

Bari mu jingine keken tukuna mu yi maganar hannun nan, don shi ya fi tsaya mini a rai. Duk wanda ya kifa ta gaba, hannu yake miƙawa ya dafe ƙasa, nauyin jikinsa gaba ɗaya ya sauka a wuyan hannun. A gindin babban yatsa akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi da yakan tsage a irin wannan faɗuwa, kuma ƙashi ne mai ɓoye ciwonsa. Sau da yawa ba ya kumbura sosai, sai mutum ya ɗauka targaɗe ne, ya shafa man zafi ya ci gaba da harkarsa. Ka ɗaga babban yatsanka sama, za ka ga wani ɗan rami ya loɓa a gindinsa ta bayan hannu. Danna wurin. In ka ji zafi ya soke ka, gobe-goben nan ka tafi asibiti a ɗauki hoto. Ko ma ba ka ji ba, ciwon da ya kwana ashirin bai lafa ba ya kamata likita ya gani. Jini ba ya isa ƙashin nan da yawa, shi ya sa in an bar shi ba a ɗaure ba yakan ƙi haɗewa, mutum ya yi shekaru yana fama. Ka gaya wa likitan ranar da ka faɗi da yadda ka faɗi, domin wani lokaci hoton farko ba ya nuna tsagewar. Kada ka kai wa mai ɗori ya ja kafin a ga abin da ke ciki. Kuma har sai an ce maka hannun ya warke, babu kai babu dutse.

Tsoron da kake ji kuwa, ban ga aibinsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya sa tsoron ya zauna daram shi ne har yau ba ka san abin da ya kayar da kai ba. Gani kake abin ya faru ne haka kawai, saboda haka zai iya sake faruwa kowane lokaci. To bari in gaya maka yadda aka yi, ko da yake ba na wurin, domin kusan duk wanda ya fara hawan dutse ya yi irin faɗuwar nan, kuma kamanninta ɗaya ne.

Kana zaune a sirdi, sirdin kuma yana can sama yadda ka saita shi don gudun kwalta. Hannuwanka a miƙe suke, a sandare. Idonka ya kafe a kan dutsen. Daidai lokacin da tayar gaba ta iso gindinsa ka damƙe birki da duka yatsunka. Tayar da ke neman mirginawa ta haye sai ta tsaya cak. Keke ya tsaya, kai kuwa ba abin da ya tsayar da kai, sirdin ma ya ƙara tunkuɗo ka daga baya. Zama, sandarewa, ido, birki. Kowannensu yana gyaruwa, kuma babu wanda gyaransa ke neman kuɗi.

Zaman shi ne uwar sauran. Shekarun da ka yi kana tuƙa keke a gari sun koya maka cewa kai da keke abu ɗaya ne: ka zauna, ka manne, inda ya yi nan ka yi. A kwalta wannan daidai ne. A cikin duwatsu kuwa wannan sabon da jikinka ya yi shi ne yake kai ka ƙasa. Je ka filin sukuwa ka kalli mahayin da ya san aikinsa. Da doki ya ɗauki gudu sai ya ɗaga daga sirdi ya tsaya a kan likkafa, gwiwoyinsa a lanƙwashe. Dokin yana ta dukan ƙasa, yana sama yana ƙasa, amma kan mahayin tafiya yake yi sumul kamar an ja zare, don gwiwoyinsa suna shanye tsallen. Haka ake hawan keke a dutse. Feda ita ce likkafarka, kuma dole ka bar keken ya yi rawarsa a ƙarƙashinka.

Ga yadda tsayuwar take. Ka tashi daga sirdi ka tsaya a kan fedoji biyun, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, su yi tsayi ɗaya daga ƙasa. In ka bar ɗaya ta sauka ƙasa, dutse zai tare ta ya wurgar da kai. Ka ɗan lanƙwasa gwiwoyi, ka buɗe su kaɗan don keken ya sami wurin karkata tsakaninsu. Ka rusuna daga ƙugu, ƙirjinka ya sauko, haɓarka ta zo saitin kan keken. Gwiwoyin hannu su buɗe waje a lanƙwashe. Dugaduganka su ɗan sauka ƙasa da fedar, musamman a gangare, domin su ne turakun da ke hana ka zamewa gaba. Nauyinka duka ya sauka a ƙafa, hannu kuwa ya zama sakayau. Akwai gwajin da nake so ka riƙa yi a fili mai laushi: kana tsaye a kan feda keken yana mirginawa a hankali, ka sassauta yatsunka har ka ji kan keken yana wasa cikin tafinka. In ka ji kana danne shi, nauyinka ya yi gaba. In ka ji kana rataye da shi kana ja, ka yi baya da yawa. Inda ba dannewa ba ja, nan ne gidanka. Duk abin da ya faru a hanya, nan za ka riƙa komawa.

Za ka ji masu cewa in za ka gangara ka ja mazaunanka can baya har saman tayar baya. Mutanen da ke faɗin haka alheri suke nufi, amma shawarar tana da illa in an wuce da ita. Wanda ya ja baya sosai hannuwansa sun miƙe sun ƙare, ba sauran abin da zai ba keken. Tayar gaba ta rasa nauyi, ta daina kama ƙasa, ba ta jin juyi. In kuma ta faɗa wani ɗan tsani na dutse, sai ta fizge shi gaba da ƙarfi tun da hannun ba shi da sauran miƙewa. Abin da ake so shi ne ka yi ƙasa, ka tsaya a tsakiya, keken ne zai sunkuya gaba kai kana nan saman fedojinka. In an ɗauki hotonka daga gefe za a ga kamar ka koma baya, alhali keken ne ya juya a ƙarƙashinka.

Duk wannan ba zai yiwu ba in sirdi yana tokare da kai. Kafin kowane gangare mai wuya, ka tsaya, ka kwance sirdin ka sauke shi kamar faɗin tafin hannu ko fiye, in ka sauka ƙasa ka mayar. Kekunan zamani suna da sandar sirdi mai sauka in an danna maɓalli ana zaune a kanta, wannan ya nuna maka girman abin a wurin masu sana'ar. Kai ɗan makullin sirdi ko sifana a aljihu ya ishe ka.

Yanzu birki, kuma a nan ina da tambayar da nake so ka amsa wa kanka yau: wane hannu ne ke kama tayar gaba a kekenka? Kada ka ce ka sani, je ka duba. Kekunan gwanjo daga ƙasashe daban-daban suke zuwa mana. A Ingila da Japan hannun dama ne birkin gaba. A Amurka da yawancin ƙasashen Turai hannun hagu ne. Mu kuma nan yawancinmu mun saba da babur, inda dama ce birkin gaba, hagu kuwa kuloci. Ka ga inda haɗarin yake. Wanda ya saba da babur mai kuloci, in ya firgita, hannunsa na hagu damƙewa yake yi gaba ɗaya ba tunani, don kuloci ba ya kayar da kowa. In aka yi rashin sa'a kekensa irin na Amurka ne, birkin gaba ya damƙe ke nan. In naka na waya ne, mai gyaran keke zai musanya maka wayoyin cikin 'yan mintuna su dace da abin da hannunka ya saba.

Bayan faɗuwa irin taka, mutane da yawa sukan yi rantsuwa ba za su sake taɓa birkin gaba ba. Kada ka shiga cikinsu. Duk lokacin da ka rage gudu nauyi gaba yake komawa, tayar gaba ta ƙara kama ƙasa, ta baya ta yi sauƙi. Shi ya sa mafi yawan ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake. Wanda ya dogara da na baya kaɗai a gangare mai tsakuwa, tayar za ta kulle ta riƙa jan ƙasa, ƙura ta tashi, gudu kuwa bai ragu ba. Duka biyun ake amfani da su tare. Yatsa ɗaya a kan kowane hannun birki in mai faifai ne mai kamawa sosai, biyu in mai roba ne, sauran yatsun suna riƙe da kan keken. Matsawar kuma irin ta mai taɓa mangwaro ce yana duba ko ya nuna: a hankali, ana ƙarawa, ana sauraron abin da yatsa ke ji. Gwargwadon yadda kake matsawa, gwargwadon yadda za ka sauke dugadugai ka tura nauyinka cikin feda.

Sannan akwai inda ake taka birki da inda ba a takawa. Ana rage gudu a wuri mai kyau, inda keken yake miƙe kuma ƙasa take da kamu, kafin a iso matsalar. Da tayar gaba ta zo hawa dutse, ko faɗawa rami, ko shiga yashi, sai a sassauta mata ta yi aikinta, in ta wuce a sake matsawa. Taya ba ta iya hawa abu tana kuma tsayawa lokaci guda. Ka nemi gangare mai sauƙi kusa da gida, marar duwatsu, ka riƙa saukowa a tsaye da gudun da bai wuce tafiyar ƙafa ba, ba tare da ko taya ɗaya ta ja ƙasa ba. In ka iya wannan, ka ajiye dutse a matsayin alama, ka taho da ɗan gudu ka tsaya kafin ka iso shi, kana rage tazarar kaɗan-kaɗan. Sau hamsin, sau ɗari. Ranar da yatsanka ya san iyakar birkin nan, rabin tsoronka ya tafi.

Maganar ido zan ba ka ita da labari, don ni ma ta labari na koye ta. Lokacin da na fara, akwai wani tsani na dutse a hanyar da muke bi, tsayinsa bai kai gwiwa ba, a gefensa na dama kuma ga wani baƙin dutse mai tsini. Asabar uku ina zuwa wurin ina sauka. Duk lokacin da na gwada, sai in ga keken ya nufi mai tsinin nan kamar ana jansa da igiya. Wani dattijo da muke fita tare ya tsaya ya kalle ni sau biyu bai ce komai ba. Sai ya ciro gorar ruwansa, shuɗiya, ya taka kamar taku shida gaba da tsanin ya ajiye ta a tsakiyar hanya. Ya ce mini, ka ga gorar nan, ita kaɗai za ka kalla, in ka kalli wani abu ka saɓa mini. Na taho zuciyata tana bugawa, na kafa wa gorar ido. Na ji tayar gaba ta sauka, ta baya ta biyo, hannuwana sun miƙe sun dawo da kansu. Ban ga baƙin dutsen ba sam. Har yau ina tuna ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da shuɗin gorar nan.

Keke ido yake bi. Abin da ka zuba wa ido, shi za ka taka. Ka ga dutse, ka san yana nan, ka ɗauke ido ka mayar kan ratar da kake so ka bi. In kana tafiya a hankali, ka riƙa duban taku biyar ko shida a gabanka, in gudu ya ƙaru ka ƙara nisa. Abin da ya riga ya iso ƙarƙashin tayarka ya wuce shawara, ka bar wa ƙafa da hannu.

Akwai kuma abin da zai yi maka wuyar yarda: rashin gudu ma yana kayarwa. Taya mai mirginawa tana haye dutsen da zai tsayar da taya mai jan jiki. In ka shiga wuri mai duwatsu kana rarrafe, kowane ɗan dutse zai tokare ka, kan keken ya riƙa kaɗawa hagu da dama har ka sa ƙafa ko ka kife. Ba cewa nake ka sheƙa ba. Gudun mutum mai sassarfa ya isa yawancin wuraren da sabon shiga zai bi. Ka tunkari dutse ko saiwa kai tsaye, kada ka zo mata a karkace, don a karkace taya take gocewa. In tsani ne za ka sauka, ka rusuna sosai kafin bakinsa don hannuwanka su sami abin miƙewa, da tayar gaba ta faɗa sai ka tura mata kan keken gaba, ka bar shi ya tafi.

A kwana, ka gama rage gudu tun kafin ka shiga, ka juya kai ka dubi mafita, ka karkatar da keken fiye da jikinka. In kwanar shimfiɗaɗɗiya ce mai tsakuwa, ka sauke ƙafar waje ka danna nauyi a kanta. A hawan tudu kuwa zama ake yi: ka sauya giya mai sauƙi tun kafin ƙafa ta yi nauyi, ka matso bakin sirdi, ka sauke ƙirji don kada tayar gaba ta ɗaga, ka riƙa murzawa a daidaice. In ka miƙe tsaye a kan burji, tayar baya za ta yi ta juyawa a banza. In numfashi ya ƙare maka da wuri kada ka zargi kanka, Jos kanta tana sama da mita 1,200 daga teku, tsaunukan Shere kuma sun fi haka.

To, batun cin bashi. Ban yarda ba, kuma ga dalilina. Wasan nan a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka ya kafu, a shekarun 1970, a hannun matasa irin su Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly. Tsofaffin kekuna masu nauyi na shekarun 1930 da 1940 suka riƙa tsintowa suna gyarawa suna gangarowa da su daga tsauni. A 1976 suka fara wata tsere a hanyar da ba ta kai kilomita 4 ba amma tana gangarowa kusan mita 400. Birkin kekunan a cikin cibiyar tayar baya yake, yana yin zafi har giris ɗinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani bayan an sauko, daga nan ma tseren ya samo sunansa, Repack, wato sake cusawa. Keken Stumpjumper da kamfanin Specialized ya fitar a 1981, wanda yana cikin na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa, ba shi da sifirin ko ɗaya. Sifirin gaba bai bazu ba sai daga ƙarshen shekarun 1980. Mutanen da suka ƙirƙiro duk dabarun da nake gaya maka, da gwiwa da gwiwar hannu suka ƙirƙiro su. Kuma ka sani, yawancin kekuna masu sifirin gaba da baya da ake sayarwa da araha nauyi ne da su, sifirin nasu tsalle kawai yake yi, birkinsu ba ƙwari. Naka marar sifirin baya, in ƙashinsa lafiya lau, ya fi su, kuma ya fi koya wa mutum zaɓen hanya.

In kana da ɗan abin kashewa, ga inda ya dace ya tafi. Hular kwano ta keke, sabuwa, wadda ta zauna a kanka daidai, a ɗaure a haɓa. Abin da ke cikinta murƙushewa yake yi ya shanye bugu, kuma sau ɗaya yake yin wannan aikin, saboda haka in kanka ya bugu ranar da ka faɗi, waccan hular ta gama aikinta ko da ba ka ga tsaga ba. Dalilin da ya sa ba na son ta gwanjo ke nan, ba ka san abin da ta gani ba. Sai safar hannu, sai sababbin robobin birki da waya, sai taya mai haƙora in taka ta suɗe. Takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasan roba, ban da silifas. Ka sa mai gyara ya duba maka ƙashin keken ko akwai tsaga, musamman wajen wuya, ya tabbatar tayoyin biyu a ɗaure suke tam.

Iskar taya kuma abu ce da kyauta ake gyara ta, amma tana canza keke gaba ɗaya. Mai faci yakan cika taya har ta yi tauri kamar dutse, don haka masu keken gari suke so. A duwatsu irin wannan tayar tsalle take yi tana gocewa. Ga mutum mai matsakaicin jiki da taya mai faɗi mai tif a ciki, ka fara daga wajen 30 a awon PSI, wato awon ƙarfin iskar taya, ta gaba ta ɗan fi ta baya laushi, ka riƙa ragewa ko ƙarawa kaɗan kana jin bambanci. In ka rage fiye da kima, dutse zai matse tif ɗin da bakin ƙarfen taya ya huda shi wuri biyu gefe da gefe, kamar saran maciji. Famfo da tif na ajiya da kayan faci kada su rabu da jakarka, ƙaya ba ta da ranar hutu a dajinmu.

A ƙasashen da aka gina hanyoyi musamman don wasan nan, akan kafa alama a bakin kowace hanya: kore ta sabon shiga, shuɗi ta matsakaici, baƙi ta gwanaye. Mutum ba ya shiga baƙa sai ya ƙoshi da shuɗiya. Mu duwatsunmu ba wanda ya kafa musu alama, shi ya sa wanda ya yi wata uku yake bin wanda ya yi shekara biyar cikin rami ɗaya, in ya kasa ya ɗauka shi ne rago. Kai za ka yi wa kanka alamar. Ka zaɓi wuri ɗaya ƙarami wanda yake ɗan tayar maka da hankali amma ba ya firgita ka. Ka sauka ka taka shi da ƙafa, ka ga inda taya za ta bi, inda za ka matsa birki, inda za ka saki, inda idonka zai sauka. Ka tura keken da hannu ta wurin ka ga yadda yake hayewa shi kaɗai. Sannan ka hau, ka maimaita har ya gundure ka, kafin ka nemi wanda ya ɗara shi. In ka tunkari wuri sau uku kana fasawa, ka bar shi sai wani satin, domin gwaji na huɗu da rabin zuciya ake yinsa, kuma rabin zuciya ita ke sa a damƙe birki a tsakiyar dutse.

Kunyar turawa kuwa ka cire ta. Tsoro na daji, kunya na gida, kai kuma a daji kake. Ko a gasar duniya ta gangarowa daga tsauni, kafin a fara sai 'yan tseren sun taka hanyar da ƙafa tun daga sama har ƙasa suna nazarin kowane dutse. Ka samu abokan nan ka gaya musu gaskiya: na faɗi, ina sake koyo, ina son mu riƙa tsayawa a wuri ɗaya ko biyu in gwada. Ka duba cikinsu wanda tuƙinsa ya fi natsuwa, ba lallai wanda ya fi gudu ba, ka roƙe shi ya shige gabanka a hankali, ka bar tazara tsakaninku don ka ga hanya da idonka. Ka roƙi wani ya tsaya a gefen wurin mai wuya ya tare ka in ka karkata. Mutanen da suka tsaya suna jiranka ba su tafi sun bar ka ba, ina kyautata musu zaton za su yi maka wannan.

Hanyoyin da kuke bi kuma ba naku ba ne ku kaɗai. Manoma ne da makiyaya da mata masu ɗauko itace suka taka su har suka zama hanya. Ka rage gudu, ka yi sallama, ka ba mai kaya hanya, kada ka ratsa shuka, in ka haɗu da garke ka tsaya ya wuce. Ku riƙa tambayar mutanen wurin halin da yanki yake ciki kafin ku shiga, kada kuma ka fita kai kaɗai. Ka nisanci bakin tsofaffin ramukan kuza, gefensu yana zaftarewa kuma ruwansu da zurfi. Falalen dutse in ya bushe kamu ne da shi sosai, amma da damina, inda gansakuka ta kwanta, santsinsa ya fi na sabulu, in hadari ya haɗo kuma ku sauko daga kan tsauni saboda tsawa. In wani ya bugu a ka ya fara amai, ko ruɗewa, ko barci yana fizgarsa, ko ciwon kai yana ƙaruwa, asibiti za a nufa kai tsaye.

Na bar maganar Hajiya ƙarshe don ita ta fi nauyi. Ta ga ɗanta ya shigo gida da ƙura da ciwo, sati uku yana riƙe hannu bai je asibiti ba, me kake so ta ce? Kada ka yi musu da ita. Ka fara da zuwa asibitin, ka kawo mata sakamakon ta gani. Ka nuna mata hular. Ka zauna ka gaya mata abin da ya kayar da kai da yadda za ka gyara, ka yi mata alkawarin duk fita za ta san inda za ka, da wa za ka, da lokacin dawowa, kuma ka cika. In duk da haka ta ce a'a, ka yi haƙuri ka bar duwatsun tukuna. Kusan duk abin da na lissafa maka, tsayuwa da birki da ido da kwana, a filin ƙwallon unguwa da ɗan gangaren bayan gida ake koyonsa, kuma wata biyu a can ba asara ba ne. Ka riƙa neman izninta lokaci-lokaci cikin ladabi har ta sake maka da bakinta.

In likita ya sallame ka kuma Hajiya ta amince, Asabar ɗin farko kada ka koma gangaren da ka faɗi da niyyar hawa. Ka je ka tsaya a kansa da ƙafa, ka nemo dutsen, ka duba ta ina hanya take a gefensa, ka ajiye gorarka taku shida gaba da shi ka ga inda ido ya kamata ya sauka. Sannan ka tura kekenka ka wuce. Ka rubuto mini abin da hoton hannun ya nuna, da hannun da ka tarar yana kama tayar gaba. Ka gaishe mini da Hajiya.